Takardar da Kawu Bai Sa wa Yatsa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu a Gure ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Na ɗauki alƙalami don kada a manta da shi, don kuma kada a tuna da rabinsa kawai.

Kwana ukun farko rumfar ƙofar gida ta yi mana kaɗan, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin aduwa. Fatake masu kai kanwa da dabino kudu sun zo, makiyaya sun zo daga Alakos, mutanen Gamu sun zo a kan jakuna. Har wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya sauko daga bariki, ya cire jar hularsa ya zauna can gefe, ba wanda ya kula shi. Duk wanda ya gama gaisuwa sai ya faɗi abu guda: mutumin nan bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba.

"Ni kam ya taɓa kunyata ni a tsakiyar kasuwa," in ji wani dattijo mai fataucin fata. "Akawun Nasara ya aiko min takarda daga Nguru, na kai masa ina hura hanci, na ɗauka yabo ne. Ya sa yatsa ya ce, 'An ce fatunka suna wari, kuma wanda ya jeme su bai san aikinsa ba. An ce suna wari.' Na ce haba Malam, ga mutane fa, kuma ai ka riga ka faɗa. Ya ce, 'Sau biyu ya rubuta warin, ni ma sau biyu zan faɗa.'"

Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka koma salati. Liman ya gyara rawaninsa ya ce, "Irin su ne ake ba amanar magana a kwanta a yi barci."

Ni ina ƙarshen tabarma, ban ce komai ba. Ba wanda ya yi mamaki, don an saba da shiruna. Abin da ba su sani ba shi ne akwai takarda a aljihun rigata, ninki huɗu, ta yi laushi kamar tsumma. Ita ce takarda ɗaya tak da Kawu ya karanta ba yadda take ba. Kwana ɗaya kafin ya cika ya ba ni ita, ya ce in karanta wa masu ita yadda take kafin a yi sadakar bakwai.

Masu ita suna cikin gida. Inna Babba, yayar Kawu da mahaifiyata, tana zaune a bakin ɗaki tana kuka tana maimaita magana ɗaya, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Barbarci: "To in takardar ɗana ta zo, wa zai karanta min?" Matar ɗan nata kuwa, wadda nake kira matar Yaya, tana bayan rumbu tana dakan gumbar sadaka. Shekara biyar ke nan tana jiran Yaya ya dawo daga kudu.

Kawu ya bar Gure yana saurayi, ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ya yi shekara ashirin yana tafinta a wurin Nasaran can. Da ya dawo bai zo da komai ba sai ƙamus wanda bangonsa ya cire, da kaye baƙi, wato littafin rubutu, da tari mai tashi lokacin sanyi. A garinmu kumandan, Nasaran da ke mulki, Faransanci yake ji, don haka Ingilishin Kawu ba shi da amfani a bariki. Mutane suka yi ta yi masa ba'a, wai ya je neman ilimi ya ɗauko na maƙwabta. Shi kuwa ya koma garkarsa a cikin kwari, yana jan ruwa yana ba albasa da dabino. Sai da jirgin ƙasa ya iso Nguru, fatakenmu suka fara dawowa da takardun da ba mai iya karantawa, sannan ba'ar ta tsaya.

Yana da yadda yake aikinsa, kuma bai taɓa canzawa ba. Zai wanke hannu, ya shimfiɗa takardar a kan gwiwa, ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin kalmar farko. Karatun farko a zuci yake yi. Na biyu yana motsa leɓe. Sai a na uku yake buɗe baki, yatsan yana tafiya, Hausar tana fitowa guntu-guntu kamar mai hawan tudun rairayi. Ba daɗin ji ko kaɗan. In kalma ta shige masa duhu sai ya ce, "Wannan ban san ta ba, ku dawo gobe," ko da mai takardar daga Alakos ya zo. In aka ce ya taƙaita sai ya ce, "Ba ni na rubuta ba, ba ni zan rage ba."

Ni na fara koyon Ingilishi a wurinsa ina ɗan shekara goma sha huɗu, duk lokacin da aka ba mu hutu daga lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram. Ban roƙe shi ba. Wata safiya ya leƙo ya ce wa mahaifiyata, "Ba ni beben nan naki. Wanda ba ya son magana shi ya fi dacewa da aikin tafinta." A garka yake koya min, a inuwar dabino, bayan mun gama ban ruwa.

Kayen nan baƙi cike yake da kalmomi masu kama da juna, ya jera su bibbiyu, kuma kusan duka a kan magana suke. Ranar farko ya ɗebo ƙwallayen dabino biyu ya ɗora min a tafin hannu.

"Wanne ne na bishiyar bakin rijiya?"

Na ce duk ɗaya ne.

"A wurinka. Mai garka ba ya cewa haka."

Ya buɗe kayen ya nuna min diction da dictation. Ta farko, in ji shi, ita ce irin kalmomin da mutum ya zaɓa da yadda yake fitar da su, abin da ke sa ka gane ɗan uwanka ko daga bayan zana yake magana. Ta biyu shifta ce, wani ya faɗa kai ka rubuta, irin wadda mushe, malaminmu, yake yi mana a lakwal. Ya nuna min eloquence da elocution: ɗaya iya jan zuciyar mutane da baki, ɗaya koyon fitar da harafi sarai. Ta farkon ba ya ƙaunarta. Ya ce, "In ka ji bakin tafinta ya yi daɗi, ka duba hannunsa, ya bar takardar."

Biyun da ya fi tsayawa a kansu su ne verbal da verbatim. Ta farko abin da aka faɗa da baki ne kawai. Ta biyu kalma bayan kalma, ba ƙari ba ragi. Sati guda muka yi a kansu. Zai jefo min ɗaya ina tsakiyar jan guga, in na yi jinkiri sai ya ce, "Guga ya faɗa, ɗan lakwal, sake." Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da ni a kan kalmomin da ba wanda zai tambaye ni su a Gure. Ya ce, "Za a tambaye ka." Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Shekarar da ta gabaci wannan koyo ita ce shekarar fara. Ta sauka a kan gero yana cikin fitar da kai, kafin la'asar ba abin da ya rage sai kara. A cikin wata biyu Inna Babba ta binne mijinta da 'yarta. Yaya, ɗanta guda da ya rage, ya bi fatake kudu neman abin da za a ci. Watansa bakwai da aure. Ya bar akuya ɗaya ja a ɗaure a bayan ɗaki.

Bayan wata huɗu wani falke ya kawo takarda. Ina tsakar gidan ranar, na ga komai, ko da yake ban san harafi ɗaya na Ingilishi ba a lokacin. Inna Babba ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Kawu ya wanke hannu, ya yi karatun zuci. Kafin ya shiga na biyu ta kama bakin rigarsa ta ce, "Malam, in mutuwa ce, ka ce su haƙa biyu."

Kawu ya ninke takardar. Ya ce an ɗauki Yaya aikin hanyar jirgi can nesa, inda takarda ba ta fitowa da sauƙi, yana lafiya, yana cin abinci sau biyu, yana gaida kowa, ya ce a yi haƙuri. Maganar ta fito sumul, ba tuntuɓe. Inna Babba ta yi hamdala, ranar ta sha kunu. Matar Yaya ta ruga bayan rumbu tana dariya tana rufe baki.

Ita mai ba'a ce a da. Ni ƙanin miji ne, don haka ba ta raga min. In na dawo hutu sai ta tare ni a ƙofa: "Ga mijina ƙarami ya dawo! Har yanzu Nasara ba su ba ka harshe ba? Me kake ci a lakwal ɗin, takarda?" Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in wuce, tana bi na da tafi. Hutu na biyu ba'ar ta ragu. Hutu na huɗu sai "sannu da zuwa" kawai, ta ajiye min ruwa ta koma turminta. Sa'o'inta suna goye da na biyu, wasu da na uku.

Alherin Kawu gare ta duk unguwa ta sani. Kowace kaka yakan aiko da damin gero biyu da kwandon dabino gidan Inna Babba. Kowace Salla yakan kawo wa matar Yaya turmin zane, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya ba tare da ya jira godiya ba. Mata suna cewa wannan kawun miji ya fi wani uban. A wurin zaman makoki ma an ambaci zannuwan nan har sau uku.

Rigimar da na taɓa gani ya yi guda ɗaya ce, da mahaifin matar Yaya, wani manomi daga Gamu. A shekara ta uku ya zo, ya same mu a garka, ya ƙi zama.

"Malam, 'yata ba gwauruwa ba, ba matar aure ba. Na je wurin alƙali, ya ce miji bai ɓata ba tunda an san inda yake, kuma ci da sutura ba su yanke ba. Ya ce kai ka karanta takardar. To ni ba na jin Nasaranci, amma ina jin mutane. Wane irin aiki ne shekara uku ba ko gaisuwa?"

"Abin da na faɗa na faɗa," in ji Kawu.

"Ɗauko ta ka sake karantawa a gabana."

"Ba a karanta takardar gida ga baƙo."

"Baƙo? Ni ne baƙo? 'Yar da ke daka wa yayarka ta wa ce?"

Kawu ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba, ya ce masa ya fita masa daga garka. Mutumin ya tafi yana cewa Allah ya isa. Da ya ɓace a bayan tudu, Kawu ya zauna a bakin rijiya yana tari har na ji tsoro. Da ya lafa sai ya ce, "Ɗauko kayen." Muka koma kan kalmomin nan biyu, waɗanda na riga na haddace tun bara.

Bana da aka aiko min cewa jikinsa ya yi tsanani, na nemi izinin mushe, na yi kwana biyar a hanya tare da masu raƙuma. Na same shi ranar Litinin da safe, an jingina shi da bango, rana tana shigowa ta ƙofa. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya zaro takardar daga cikin ƙamus.

"Wanke hannu," in ji shi.

Na wanke. Na sa yatsa. Layi tara ne kawai, rubutun akawun wani asibiti a can kudu. Na yi karatun zuci har ƙarshe.

"Akwai wadda ba ka sani ba?"

"Babu, Kawu."

"To alhamdu lillahi, ban yi aikin banza ba." Ya huta. "Na ce bari kaka ta yi, ta ɗan yi ƙarfi, in faɗa mata. Kaka ta yi, na ce bari Salla ta wuce. Ƙarya ɗaya na yi, ɗana, amma kullum sai na ba ta abinci. Geron nan da zannuwan nan da kake ji ana yabo, su suka ɗaure yarinyar nan a gaban alƙali. Na sani, kuma ban daina ba."

Na ce ko in kira su yanzu ya faɗa da bakinsa.

"Na gwada jiya. Yayata ta shigo ta riƙe min hannu, na ce mata ruwa nake so." Ya rufe ido. "Kai za ka karanta. Kada ka gyara, kada ka nema min uzuri a ciki. Wacce ce daga cikin kalmomin nan biyu?"

Na faɗa masa: verbatim. Ya gyaɗa kai. Bai ƙara yi min wata magana ba sai salati.

Ranar sadakar uku da yamma na gaya wa mahaifiyata. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Ba kowa, Inna."

"To sa ta a murhu. Ka ji abin da mutane ke faɗa a kansa a waje. Kana so a ce ɗan ƙanwarsa ne ya tone shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ita kuma yayata, kana ganin za ta ɗauka? In ya zama dole, bari a yi wata biyu, ka ce wani falke ya kawo labari. Ka ce bara ya rasu."

Na ce sai dai ita matar Yaya fa.

"Ta yi biyar, wata biyu ba zai kashe ta ba."

Ban iya gardama ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce kawai, "Shi ma haka ya ce, bari kaka ta yi." Mahaifiyata ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, hawaye suna sauka cikin garin. Ba ta ce in yi ba, ba ta sake cewa kada in yi ba.

Kwana biyu ina zagaye gidan Inna Babba ina komawa. Abin da mahaifiyata ta kawo mai sauƙi ne, kuma zai rufa wa kowa asiri. Amma akwai layi biyu a ƙarshen takardar da wani falke ba zai iya kawowa ba, don shifta ce, Yaya ya faɗa akawun ya rubuta. In na ƙone ta, maganarsa ta ƙarshe na ƙone.

Ranar Lahadi da hantsi na roƙi liman ya biyo ni, na aika aka kira mahaifin matar Yaya, wanda ya zo gaisuwa bai koma Gamu ba. Muka zauna a tsakar gidan Inna Babba, inda aka zauna shekara biyar da suka wuce. Na nemi ruwa na wanke hannu. Da Inna Babba ta ga na shimfiɗa takardar a gwiwa sai ta daina jan carbi.

Na yi na zuci. Na yi na leɓe. A na uku muryata ta fito ƙarama, har liman ya ce in ɗaga.

"Ana sanar da dangin wannan mutum, mutumin Gure, cewa an kawo shi nan da ciwon ƙirji. Ya kwana huɗu. Ya rasu ranar Juma'a da safe. Musulmin wurin sun yi masa salla sun binne shi. Kafin ya rasu ya ce a rubuta wannan. A ce wa Inna ta yafe min nonon da na sha. A ce wa matata akuyar tata ce, ta tafi da ita gidansu."

Na ɗaga yatsa. Na ce, "Iyakarta ke nan. Kawu ya ce in faɗa muku shi ya canza ta, ba wani ba, kuma yana sane."

Ba wanda ya yi kururuwa. Mahaifin matar Yaya ya buɗe baki, liman ya ɗora masa hannu a gwiwa. Inna Babba ta ce, "Maimaita min na ƙarshen da Barbarci. Ba da Hausa yake ce min Inna ba." Na maimaita. Ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi. Can ta ce, ba tare da ta buɗe fuskar ba, "Ranar Malam bai sa yatsa ba. Na gani. Tun yana yaro in bakinsa ya yi santsi na san akwai abin da ya fasa."

"Kin gani, Inna?" in ji matar Yaya. Wannan ne karo na farko da na ji ta yi wa surukarta tambaya kai tsaye.

"Na gani, ban tambaya ba. In na tambaya ke ma za ki tafi."

Matar Yaya ta juya wurin liman ta tambaye shi yaushe za ta shiga takaba. Liman ya yi gyaran murya ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, tata ta cika tun shekarun baya, yau ma in ta so tana iya komawa gidan ubanta.

"Wato ita ma ta wuce ban sani ba," in ji ta. "Ina ta kitso ina sa lalle duk Salla, da zanen da aka kawo min."

Ta miƙo hannu na ba ta takardar. Ta juya ta sama da ƙasa, ta ce in nuna mata inda aka ce matata. Na nuna. Ta ɗora yatsanta a wurin ta daɗe.

Liman ya ce mamaci yana bukatar yafiya, kuma abin da Malam ya yi don tausayi ya yi shi. Inna Babba ta ce ta yafe wa ƙanenta duniya da lahira, ta yafe wa ɗanta nono. Mahaifin yarinyar ya ce shi ya janye Allah ya isan da ya yi a garka, tunda mai ita ya riga ya tafi inda za a tambaye shi. Aka juya ana kallon matar Yaya.

Zan rubuta abin da ta ce yadda ta faɗa. Ta ce, "Na yafe masa ranar Talata tare da kowa, amma ban san abin da nake yafewa ba. Wannan sai na yi tunani."

Washegari aka yi sadakar bakwai. An raba gumbar gida biyu, liman ya ambaci mamata biyu a addu'a. Labari ya riga ya zaga gari. Rumfar ba ta cika kamar kwanakin farko ba. Dattijon nan mai fataucin fata ya zo, ya zauna kusa da ni, ya ce a hankali, "Da ma ni ya yi wa ƙaryar, ya gaya wa yarinyar nan gaskiya." Wasu sun ce ni ne marar kunya. Wata tsohuwa ta ce ɗan lakwal ya buɗe baki sau ɗaya a rayuwarsa ya rushe gida. Ni dai na ci gaba da raba gumba.

Da la'asar matar Yaya ta fito da ƙullin kayanta. Jar akuyar ta mutu tun bara, Inna Babba ba ta taɓa yarda a sayar da ita ko a yanka ba, amma ta bar 'ya'ya da jikoki shida. Matar Yaya ta kwance ɗaya kawai, ƙarama ja. Zannuwan Salla ta bar su a ninke a bakin ƙofa, daidai inda Kawu yake ajiye su. Da ta zo wucewa ta gabana ta tsaya ta ce, "Ashe kana da harshe, mijina ƙarami." Ba ta yi dariya ba. Ta bi bayan jakin ubanta suka hau tudu.

Kawu ya bar min ƙamus da kaye. Mutum ne da ya yi shekaru yana karanta wa mutane abin da ba sa son ji, bai rage harafi ba, ya kuma ciyar da gidan yayarsa a shekarar da ba wanda ke da abin ba wani. Shi ne kuma ya cinye wa yarinya shekara biyar. Na rubuta duka biyun don shi ya hana ni gyarawa.

Allah Ya sassauta masa tambaya, Ya haskaka kabarinsa a Gure, Ya haskaka na Yaya a ƙasar da ba mu san inda yake ba. Duk falken da zai bi ta Gamu nakan roƙe shi ya gaida min matar Yaya, ba na ƙara komai a kan gaisuwar. Sau biyu ta amsa gaisuwa. Maganar yafiyar kuwa har yau tana tunani.